Babaji Mai Igiya da Turakun Bedi

A shekarun farko na wannan ƙarni, unguwar Ƙofar Marusa tana tsakanin tsohon hali da sabo. Ragowar ganuwa tana nan a wasu wurare, ta koma tudun jar ƙasa da awaki ke hawa. Gidajen ƙasa masu zaure suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ana ta da na bulo masu ƙofar ƙarfe a gurbinsu. ’Yan acaɓa sun mamaye bakin titi, masu shayi sun kafa tebura a inda a da ake ɗaure jakuna. Bishiyoyin bedi kuwa, waɗanda mutanen Kano ke kira darbejiya, sun yi girma har rassansu suna taɓa wayoyin lantarki, suna kuma barazana ga rufin kwano duk lokacin da hadari ya taso.

Rage waɗannan rassa ya zama sana’ar wasu mutane ƙalilan da suka zo daga ƙauye ɗaya a yammacin Katsina, suka kama hayar ɗakuna a lungunan unguwar. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba, domin danginsu suna can har yanzu. A birni ana kiransu mahaya, kuma in bishiya ta gagari kowa su ake nema. Amma a wurinsu hawan bedi neman abinci ne kawai. Hawan da suke girmamawa sau ɗaya ake yinsa a shekara, a tsakiyar hunturu, a wani dutse da ke bayan ƙauyensu, inda ƙudan zuma suka daɗe suna saƙa a cikin wani kogo can kusa da ƙololuwa.

Cikin waɗannan mutane akwai Babaji, wanda aka fi sani da Babaji Mai Igiya. Ya gaji tufka daga mahaifinsa, kuma bayan rasuwar mahaifin ne ya shigo Katsina yana saurayi, tare da mahaifiyarsa Delu da ƙanensa Yahaya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, maganarsa kaɗan. Da hannunsa yake jiƙa rama, ya ɓare, ya tufka, bai taɓa yarda da igiyar roba ba, domin a cewarsa tana sulɓewa a hannun da sanyi ya kama. Yahaya kishiyar halinsa ne: dogo, siriri, mai surutu, wanda ko yana kan reshe sai ya tsokani masu wucewa. Na ukunsu shi ne Sagir, ɗan ƙanwar mahaifinsu, wato taubashinsu. Sagir masassaƙi ne, shi ke yi wa ƙungiyar turakun da ake takawa. Jagoransu kuwa wani dattijo ne, Malam Habibu, wanda ya hau dutsen tun zamanin iyayensu.

Wajibi ne a bayyana yadda ake wannan hawa, domin a nan maganar take. Bangon dutsen a miƙe yake kamar an yanka shi da wuƙa, tsayinsa ya fi rimi biyu a ɗora. Da bazara ba ya taɓuwa saboda zafi, da damina santsi ke gare shi. Sai da hunturu, lokacin da ɗari ke sanyaya jikin ƙudan zuma har su kasa tashi kafin rana ta yi ƙarfi. Akwai tsagogi a jikin bangon, a cikinsu ake buga turaku da guduma, su zama matakala. Ƙarar guduma tana fusata ƙudan zuma, saboda haka sau biyu ake zuwa: a je a kafa turaku da zarar an kai amfanin gona gida, a dawo birni, sannan bayan ’yan makonni a koma a hau. Turken ƙirya kaɗai ake amfani da shi, wanda aka sare tun bara aka busar a inuwa. Ɗanyen itace yana shiga tsaga ya kama gam a ranar da aka buga shi, har ya fi busasshe, amma iskar hunturu tana tsotse ruwan jikinsa ya tsuke, ya zama yana zaune a ramin ba ya riƙe da komai. Duk yaron ƙauyen ya san haka.

Mai gaba yana ɗaure da igiya a ƙugu, yana saƙala ta a kan turakun da ya wuce. Mai riƙo yana zaune a ƙasansa, yana sakar masa ita kaɗan kaɗan. Shekara da shekaru Yahaya ne mai gaba, Babaji ne mai riƙo, Sagir na biye da bokitai. Waɗanda suka yi tafiyar da su suna tuna yadda taubasan, Sagir da Babaji, ke yi a gindin dutse.

“Babaji, wagga igiya taka ta ɗaure akuya ce ko ta mutum?”

“Ta akuya ce. Shi ya sa na ɗaura maka.”

“To Allah ya sa mai akuyar ya karya kumallo.”

A hunturun shekarar 2009 aka tafi kamar yadda aka saba. Sagir ne ya kafa turakun a zuwan farko, shi kaɗai, domin aikinsa ne. Da aka koma hawa, safiya ce mai jaura, yatsu sun ƙage, ana hura su da baki kafin a kama dutse. Yahaya ya wuce rabin bango lafiya. Da ya kai inda dutsen ya fara turo goshi, turken da ya taka ya fita daga raminsa ba tare da ko ƙara ba. Da turakun da ke ƙasansa sun riƙe, da igiyar ta tare shi bayan faɗuwa kaɗan. Amma nauyinsa na sauka a kansu suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya, suna faɗawa cikin kwazazzabon ƙaya da ke gefen dutsen. Babaji ya riƙe igiyarsa da hannu biyu, bai sake ta ba, sai dai igiyar ba ta rataye a kan komai ba. Yahaya ya bugi wani tudun dutse da bayansa.

Bai mutu ba. An kawo shi asibiti a Katsina, ya yi watanni, aka sallame shi ƙafafunsa ba sa motsi. Babaji ya bar ɗakinsa na Ƙofar Marusa ya kama gida mai ɗaki biyu a unguwar Kambarawa, ya zauna a ɗaya da matarsa Suwaiba, Delu da Yahaya a ɗayan. Tun daga lokacin shi ke ɗaga ƙanensa, shi ke yi masa wanka, shi ke juya shi kada gefensa ya yi gyambo.

Mutanen birni ba su san turaku ba, igiya suka sani. Da aka ji cewa mutum ya faɗo alhali wansa na riƙe da igiyarsa, sai aka yanke hukunci cikin sauƙi: ko igiyar ta tsinke, ko hannun ya saki. An tambayi Sagir a wajen mai shayi, a gaban mutane da dama, sai ya ce shi yana ƙasa, kansa a sunkuye, bai ga abin da ya faru ba, amma sanyin ranar ya isa ya kashe hannun kowa. Bai ce Babaji ya saki ba. Abin da ya faɗa ke nan, kuma ya wadatar. Masu gidaje suka daina kiran Babaji rage bishiya. Wata mata ta mayar masa da igiyar guga da ta saya.

Gaskiyar ta fara leƙowa ta hanyar da ba wanda ya zata. Wata maƙwabciyar Sagir mai suna Talatu, wadda ke girkin biki, ta zo duba Yahaya, hira ta kai su ga sunan da aka yi a gidan Sagir gab da zuwan farko na waccan shekara.

“Inna Delu, ni dai ban taɓa ganin icce irin na sunan nan ba. Gajajjeru, duk an fiƙe masu baki kamar za a soke nama. Garwashinsu kau har magariba bai mutu ba.”

“Ina kuka samo shi?”

“Bayan ɗaki, cikin buhu. Icce ya ƙare mamu, maigidan ya fita raka baƙi, muka zazzage.”

Delu ta raka ta har ƙofa, ta yi mata godiya. Da Babaji ya dawo ta gaya masa a gaban Yahaya. Babu wanda ya buƙaci a yi masa bayani. Idan matan biki sun ƙone ƙiryar shekara guda kwanaki kaɗan kafin tafiya, to da me aka kafa matakalar? Bedi na ƙofar kowa. Ɗanyensa yana da nauyi, in aka ɓare shi aka shafa masa baƙin mai aka kanga a hayaƙi, ido ba zai raba shi da ƙirya ba, balle ma ba wanda ke taɓa buhun mai turaku sai shi.

Babaji ya kai maganar gaban Malam Habibu. Aka kira Sagir, ya ce gaskiya ne an ƙone buhu ɗaya, amma yana da wani a ajiye, kuma ya rantse cewa da shi ya yi aiki. Babu shaida. Turakun da suka zare sun ɓace cikin ƙaya. Sauran suna can sama a wurin da Yahaya ya faɗo, kuma al’adarsu ce ba a sake bin hanyar da ta sha jini. Malam Habibu, wanda ke son ƙungiyarsa ta rayu, ya ce ƙaddara ta riga fata, a bar wa Allah, a yi zumunci.

A daren da aka yi wannan zama Delu ta ƙi cin abinci. Suwaiba, wadda ta ba ni wannan ɓangare, ta ce ba ta taɓa jin surukarta ta yi magana da irin wannan murya ba.

“Ni ban ce ka kashe ɗan kowa ba, Babaji. Amma in na mutu ana cewa ɗana ne ya saki ɗana, ban yafe maka ba.”

A shekarar da ta biyo ba a je dutse ba. A ta gaba Malam Habibu ya tara su a zaurensa bayan la’asar don raba aiki. Gurbin Yahaya ya faɗa wa Sagir, domin shi ne mafi rashin nauyi cikin waɗanda suka san bangon. Saura mai riƙo.

“Babaji, ka huta bana,” in ji Malam Habibu. “Abba zai riƙe.” Abba wani matashi ne cikin mahayan.

“Baba, an ce hannuna ya saki ƙanena. In na huta, na amsa ke nan.”

A ƙa’idarsu mai gaba yana da ikon ƙin mai riƙo, amma sai ya faɗi dalilinsa a gaban kowa. Malam Habibu ya juya.

“Sagir, kana da dalilin ƙi?”

Duk wanda ke zauren ya gane tarkon. In Sagir ya ce yana tsoron hannun Babaji, za a tuna masa cewa bai taɓa faɗin haka a fili ba, kuma Malam Habibu da kansa ya ga igiyar ba ta tsinke ba. In ya ce yana tsoron zuciyar Babaji, za a tambaye shi me ya yi mata.

“Ni?” Sagir ya yi dariya. “Taubashina ne. In ya sake ni, wa zai riƙa zagi?”

Ba wanda ya taya shi dariyar.

Babaji ya karɓi aikin turaku ya haɗa da nasa, da hannunsa ya sassaƙa su, kuma aka buɗe sabuwar hanya a wata tsaga da ke dama da tsohuwar. A wannan hunturu babu abin da ya faru. Babaji ya riƙe igiya yadda ba a taɓa ganin an riƙe ta ba, ba ta yi sako-sako ba, ba ta yi tsauri ba. Amma Abba, wanda ke biye da bokitai, ya ce Sagir ba ya taka turke sai ya waiwayo ƙasa, kuma da ya sauko rigarsa sharkaf take da gumi a cikin wannan ɗari. Bayan an dawo birni Babaji bai daina gaishe shi ba. Yakan tsaya a rumfarsa ta sassaƙa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, “Taubashi, ka rage tuwo. Hannuna ya fara tsufa.” Wasan taubasai ne, ba mai ikon hana shi. Sagir ya rame a wannan shekara har mutane suna tambaya ko ciwon suga ne.

Abin da aka fi tunawa da shi ya faru a hunturun 2012. Na ji shi daga bakin Abba, da Babaji, da wani da ke gindin dutse a ranar, kuma a kan abin da zan faɗa ba su saɓa ba.

Sun fara hawa bayan sallar asuba, iska tana yanka fuska. Malam Habibu ya tsufa, a ƙasa ya tsaya da sauran. Uku suka hau: Sagir a gaba, Babaji, sai Abba. Sun kai dandamalin da ke bakin kogon, suka yi hayaƙi, Sagir ya shiga ya yanko saƙa, aka cika bokitai aka zura su ƙasa. Ƙudan zuman suna dunƙule kamar baƙin bargo, sai ɗan motsi. A tsarinsu mai riƙo ne ke zama a dandamali, ya naɗa igiya a babban turken da suke kira uwar turaku, ya zura abokansa ɗaya ɗaya, sannan shi ya sauko ƙarshe yana cire matakala. An zura Abba ya isa lafiya. Kafin Sagir ya gama ɗaura igiya a ƙugunsa, Babaji ya ɗauke ta daga bakin dandamali na dama ya mayar da ita wani gurbi a hagu. Sai da Sagir ya wuce goshin dutsen, ƙafafunsa suna lilo, sannan ya ga inda yake. Tsofaffin turakunsa ne a gabansa, baƙaƙe, a jere. Igiyar ta tsaya.

“Babaji, me ya faru?”

“Ba komai. Hutawa nake.”

“Ka zura ni mana, sanyi nake ji.”

“Akwai icce kusa da kai. Ciro ɗaya.”

Daga ƙasa Malam Habibu ya ɗaga murya ya ce wannan wane irin sakarci ne, a sauko da mutum. Babaji ya ci gaba da magana da Sagir. Ba a ganinsa daga ƙasa, muryarsa kawai ke saukowa, kuma a cewar Abba babu fushi a cikinta ko kaɗan, kamar mai cinikin goro.

“Taubashi, ciro.”

Sagir ya ce hannunsa ba ya kai wa. Sai igiyar ta saki kamar kamu ɗaya ta sake tsayawa, ya bugi dutse da gwiwa. Waɗanda ke ƙasa suka yi salati. Sagir ya miƙa hannu, da yatsu biyu ya zaro turken.

A nan ya kamata a yi adalci. Turken da ya shekara uku a rana zai yi sako-sako ko na wane itace ne, saboda haka zaruwarsa ba hujja ba ce. Babaji ya san haka.

“Karya shi.”

“Wa ke karya ƙirya da hannu?”

“Ba kowa. Gwada.”

Igiyar ta ƙara motsi. Sagir ya kama turken da hannu biyu, ya dafa shi a gwiwarsa, ya karye kamar kara. Gutsattsarin suka faɗo kusa da ƙafar Malam Habibu. Cikin ƙirya ja ne mai duhu. Wannan fari ne fat, baƙin iyakarsa fata. Dattijon ya ɗauka, ya juya shi, ya miƙa wa na kusa da shi, ya bi hannu hannu.

“Sauko da shi, Babaji. Mun gani.”

“Ku kun gani, Baba. Ni ji nake so. Ya faɗi sunan iccen, ya faɗi wanda ya sare shi.”

Sagir ya roƙe shi da zumunci, ya roƙe shi da darajar mahaifiyarsa wadda gwaggon Babaji ce, ya ambaci ’ya’yansa da sunayensu. Ya ce in an sauka za a yi magana. Abin da aka nema dai bai faɗa ba. Babaji ya ce ba ya sauri.

Amma rana tana sauri. Ta zagayo ta haske bakin kogon, hayaƙin ya daɗe da mutuwa, ƙudan zuman da aka yi wa ɓarna suka fara jin ɗumi. Da farko ɗaya ɗaya suke fitowa, daga baya ƙugin ya kai har ƙasa. Babaji ne a bakin ƙofarsu, hannuwansa biyu a kan igiya, ba shi da abin kore su. Sun rufe masa fuska da wuya. Abba ya ce suna jin numfashinsa daga ƙasa, kuma igiyar ba ta ko girgiza ba. Sannan suka gangara kan Sagir. Ya yi ta bugun iska, yana juyawa a kan igiyar, Babaji kuma yana maimaita tambayarsa, muryar tana ƙara toshewa saboda leɓɓansa sun kumbura. Can sai hannuwan Sagir suka saki, kansa ya langaɓe.

A lokacin ne igiyar ta fara tafiya, a hankali, daidai, har ƙafafunsa suka taɓa ƙasa. An yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Babaji ya sauko daga baya da lalube, idanunsa a rufe ruf saboda kumburi, ya bar turakunsa a bango bai cire ko ɗaya ba. Na tambaye shi ko ya yi niyyar sakin igiyar a wani lokaci. Ya ce ya yi, tun daga asuba har rana ta fito. Na ce me ya hana. Ya ce gawa ba ta magana.

Malam Habibu ya yanke hukunci a nan gindin dutse, kafin a ɗaura kaya. Sagir ba zai sake sassaƙa wa kowa turke ba, ba zai sake binsu ba. Babaji ma haka.

“Shi ya ci amanar icce, kai ka ci amanar igiya,” in ji dattijon. “Wanda ya rataya a hannunka ba ya gaban alƙali. In mai riƙo zai tsaya yi wa mutum tambaya a sama, wa zai sake yarda ya ɗaura?”

Babaji ya ce ya ji, kuma hukuncin daidai ne. Ya roƙi abu ɗaya, a ba shi rabin turken.

Da suka iso Kambarawa Suwaiba ba ta gane mijinta ba sai da ya yi magana. Ya wuce ɗakin ƙanensa ya sa masa guntun a hannu. Yahaya ya duba, ya shinshina, ya ɗan ciza, ya tofar.

“Bedi. Ashe asuwaki na taka.” Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, “Ya faɗa?”

“Bai faɗa ba.”

“To ba ka gama ba, Yaya.”

Labarin ya bazu a Ƙofar Marusa cikin kwana biyu, kuma ya wanke Babaji daga zargin farko, ya ɗora masa wani. Waɗanda a da ke cewa hannunsa ya saki suka koma cewa zuciyarsa ba ta saki. Masu gidaje ba su dawo da shi aikin bishiya ba, domin babu mahayin da zai hau yana riƙe masa. Ya koma tufka zalla, yana sayar da igiyar ɗaure dabbobi da ta guga, a kasuwar da igiyar roba ta riga ta cinye. Delu ta rasu a damina ta gaba. Suwaiba ta ce kafin tsohuwar ta rasu ta sa wa Babaji albarka, amma ta hana a bar uwar Sagir ta shiga wankanta, kuma an bi wasiyyar. Ƙungiyar ta ƙara hawa sau biyu ko uku da sababbin hannu, Malam Habibu ya rasu, daga baya kuma hanyar yankin ta lalace da rashin tsaro, ba mai zuwa.

Sagir ya tashi daga unguwar ya koma wajen Ƙofar Durɓi, inda yake sassaƙa turame da muciya. Aikinsa ya ragu. Sau ɗaya aka yi yunƙurin sulhu. Limamin masallacin da yake salla da wasu dattawa biyu suka rako shi Kambarawa wata Juma’a da yamma. An shimfiɗa masu tabarma a ɗakin Yahaya, aka yi doguwar gaisuwa, liman ya yi nasiha a kan zumunci da falalar yafiya. Sannan Sagir ya durƙusa a bakin katifa, kansa a ƙasa.

“Yahaya, duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mani don Allah.”

“Wane abu?” in ji Yahaya.

“Duk abin da ya faru.”

“Abubuwa da yawa sun faru, taubashi. Ka taɓa cinye mani ƙosai muna yara, wannan na yafe. Wanne kake nufi?”

Liman ya ce ai ba sai an tona ba, Allah ya san komai. Babaji, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce shi ma ya yarda Allah ya sani, Yahaya ne ke son ya ji. Sagir ya tashi ya sa takalmansa ya fita, dattawan suka bi shi.

Na nemi Sagir a rumfarsa. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo ruwa, da na faɗi abin da ya kawo ni ya ce shi ba ya maganar abin da ya wuce. Ban san abin da ke hana shi ba. Wasu na cewa rantsuwar da ya yi a gaban Malam Habibu ce, domin in ya faɗa ya tabbatar da cewa ya rantse a kan ƙarya. Wasu na cewa tsoron kotu ne, ko da yake ’yan’uwan biyu ba su taɓa kai ƙara ba, kuma sun ce ba za su kai ba.

Babaji yanzu ya haura hamsin, bayansa ya fara ciwo saboda ɗaga Yahaya, kuma yana ɗaga shi. Duk ranar Juma’a bayan an sauko yakan ɗauki ramarsa ya tafi Ƙofar Durɓi, ya zauna a inuwar da ke fuskantar rumfar Sagir, ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya yi tufkarsa har la’asar, ya tashi. Maƙwabtan rumfar sun yi masa magana, ya ce titi na kowa ne, kuma zumunci yake yi.

Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu, Sagir bai ambaci sunan itacen ba, Yahaya bai yafe ba, Babaji kuma bai daina zuwa ba.